Labarin Zane Na Karɓa-Karɓa: Wa Zai Zama Uwar Adashi?



An umurce ni in yi magana a kan wani irin aiki da masu zane suke yi a intanet, watau su taru su da yawa, galibi ba su taɓa ganin juna ba, su ƙaga labari guda cikin zane. Wannan ya zana nasa rabo ya miƙa wa wancan, wancan ya ɗora daga inda aka tsaya ya miƙa gaba, har labari ya kai ƙarshe, in ya kai. Na ce in ya kai, domin a kan wannan 'yar magana jawabina duka zai tsaya. Fara irin wannan aiki ba shi da wuya ko kaɗan. Mutum ɗaya ya yi shela da dare, kafin gari ya waye an sami ashirin sun ce a sa sunansu. Abin da ke da wuya shi ne a ga shafin ƙarshe.

Kafin in yi nisa bari mu daidaita kalmomi. Labarin zane shi ne labarin da ake bayarwa da jerin hotunan hannu, kowane hoto cikin ɗan akwatinsa, maganar mutane kuwa a rubuce cikin da'ira bisa kawunansu. Kowane akwati zan riƙa kiransa gida, kamar gidan dara. Tsakanin gida da gida akwai ɗan fili siriri wanda ba a zana kome a ciki. Wani Ba'amurke mai zane, Scott McCloud, ya yi dogon bayani a kan wannan fili cikin littafinsa Understanding Comics na 1993, inda ya nuna cewa a nan ne mai karatu yake yin nasa aikin. Alal misali, a gida na farko ka ga yaro ya miƙa hannu cikin tukunyar miya, a na biyu ka gan shi yana gudu da takalmi ɗaya, uwarsa na biye da muciya. Ba wanda ya zana maka lokacin da aka kama shi, amma ka gani sarai a zuciyarka. To, tun da labarin zane dama gaɓa-gaɓa yake, mai karatu kuma ya saba ɗinke gaɓoɓin da kansa, shi ya sa ya karɓi aikin hannu da yawa fiye da ƙagaggen labari na zube. Amma fa ɗinkin da mai karatu zai iya yi yana da iyaka.

Yanzu sai in tona wa kaina asiri. Bara mu tara muka shirya irin wannan aiki ta waya, kowa shafi ɗaya. Labarin wani ɗan garuwa ne da ya tsinci jaka a bakin rijiya. Mutum uku na farko suka yi abin kirki. Na huɗu ya shigo da aljani, ba wanda ya ce kome. Na biyar, don ya nuna shi ma gwani ne, ya jefa ɗan garuwa cikin rijiya ya kashe shi. Na shida ya rasa yadda zai yi, ya ce ashe mafarki ne, ya zana shi ya farka bisa gado, sai dai ya yi masa gemu da hula alhali a shafi biyar na baya yaro ne ko gashin baki babu. Jakar kuwa, wadda saboda ita aka fara labarin, ba a sāke jin ɗuriyarta ba. Na bakwai ya karɓa. Makon farko ya ce jarrabawa, mako na biyu ya ce ba wuta, na uku kunya ta hana shi buɗe saƙon kowa. Na takwas da na tara suka yi ta jira har suka gaji. Jama'a, na bakwai ɗin nan ni ne, ɗan garuwa kuma har yau yana zaune bakin gado yana murza ido.

Abin ya tsaya mini a rai, sai na shiga neman yadda waɗansu suka yi nasu ya ƙare. Abu na farko da na gane shi ne wasan ya girmi intanet nesa ba kusa ba. A Japan akwai waƙar haɗin gwiwa da ake kira renga, inda mawaƙa suke zama wuri ɗaya, wannan ya kawo baiti wancan ya ɗora, yawanci har baiti 100. Shahararriya daga cikinsu ita ce wadda Sogi da almajiransa biyu, Shohaku da Socho, suka yi a Minase cikin 1488. A babban zaman renga akan ajiye magatakarda, shi ke rubuta kowane baiti, shi ne kuma ke duba ko an karya ƙa'ida. Ku riƙe wannan magatakarda, za mu komo kansa. A birnin Faris kuma, cikin 1925, André Breton da Jacques Prévert da Yves Tanguy da Marcel Duhamel suka shiga wani wasa: mutum ya rubuta kalma ko ya zana kai, ya naɗe takardar yadda na bayansa ba zai gani ba, shi kuma ya ɗora ƙirji, na gaba ƙafafu. In aka warware sai a ga wata halitta da ba wanda ya nufa. Sunan da suka ba wasan ma'anarsa ƙayatacciyar gawa. Su abin da suke nema ke nan, watau abin mamakin da ke fitowa in hankali bai ja akala ba.

Masu labarin zane sun gwada wannan makanta da gangan. A 1990 Art Spiegelman, wanda littafinsa Maus ya sami lambar Pulitzer a 1992, da abokin aikinsa R. Sikoryak, suka fara wani littafi mai suna The Narrative Corpse. Masu zane 69 suka sa hannu, cikinsu har da Will Eisner da Chris Ware. Kowa gida uku zai zana, kuma ba a nuna masa kome sai gida ukun da suka gabace shi. Jarumin labarin ɗan mutum ne na kara-kara, irin wanda yara ke zanawa a ƙasa, mai suna Sticky. Wannan dabara ce babba, domin kowane hannu yana iya zana shi a gane shi, ba zancen gemu ya tsiro dare ɗaya. Littafin bai fito ba sai 1995. Ku yi lissafi: gida uku sau 69, gida 207 ke nan, cikin shekara biyar. In aka raba kwanakin, kowane mutum ya ci wajen kwana 26 a kan gida uku, ga shi kuwa waɗannan ƙwararru ne, sana'arsu ke nan. Da na ga haka sai na ɗan sami sauƙin kunyata. Game da labarin kansa, a ganina irin wannan littafi na kallo ne, domin wanda bai ga abin da ya wuce gida uku ba ba shi da halin cika alkawarin da aka ɗauka a shafin farko. In abin da kuke so shi ne baje kolin hannuwa, wannan hanya ta isa. In kuwa labari kuke so wanda mutum zai karanta ya damu da abin da zai sami ɗan garuwa, sai a sake shawara.

Shawarar da ta fi gamsar da ni ban same ta wurin masu zane ba, wurin marubuta labaran bincike na Ingila na same ta. A 1931 'yan wata ƙungiya tasu mai suna Detection Club, cikinsu akwai Agatha Christie da Dorothy L. Sayers, suka rubuta littafi guda, The Floating Admiral, babi-babi, kowa ya karanta na baya ya ɗora. Labarin kisan kai ne, irin labarin da in an sami gaɓa ɗaya ta kwance duka ya rushe. Saboda haka suka ɗaura wa kansu sharaɗi biyu. Na farko, ba mai ƙulla wani ƙulli sai yana da yadda zai kwance shi a zuciyarsa. Ba a yarda mutum ya jefa rikici don kawai ya wahalar da na bayansa ba. Don kada wani ya yi ƙarya, marubutan suka ba da tasu warwarar a rubuce, aka buga su a ƙarshen littafin kowa ya gani. Na biyu, dole mutum ya ɗauki duk abin da na gabansa suka bar masa da gaskiya, ba ya tsallake wanda bai yi masa daɗi ba. Ku auna waɗannan sharuɗɗa da abin da ya same mu. Da akwai na farko, da abokinmu na biyar bai jefa yaro rijiya ba sai ya faɗi yadda za a fid da shi. Da akwai na biyu, da na shida bai tsere ta ƙofar mafarki ba, da kuma jaka ba ta ɓace ba. Mafarki, ku gafarce ni, shi ne mafakar rago a irin wannan aiki. Da kalma ɗaya mutum yake share guminsu mutum biyar.

Kamfanin DC na Amurka ya yi irin wannan da jarumansa: DC Challenge, fitowa 12 daga 1985 zuwa 1986, kowace fitowa da marubucinta da mai zanenta, kowa kuma ya bar jarumi cikin halaka na bayansa ya cece shi. Suka maimaita a 2017 da The Kamandi Challenge, don cikar shekara 100 da haihuwar Jack Kirby, inda marubucin da ya haƙa ramin yakan dawo ya bayyana yadda shi da kansa zai fita daga ciki. Sharaɗin mutanen 1931 ke nan ya sake ɓullowa.

Mu ma nan ba baƙi ba ne ga ladabin ɗorawa a kan aikin wani. Wanda ya karanta rubutattun waƙoƙinmu ya san tahamisi, inda malami yake ɗaukar waƙar wani mai ɗango biyu-biyu ya ƙara ɗango uku a kowane baiti ta koma ƙwar biyar. Mai tahamisi ba ya sauya karin waƙar, ba ya karkatar da ma'anarta zuwa inda mai ita bai nufa ba, duk da haka masana suna gane gwaninta a cikin ɗango ukun nan. Wanda ya karɓi shafi na shida a labarin zane matsayinsa ke nan.

To, amma wa zai tsare waɗannan sharuɗɗa? Nan ne nake so in daɗe kaɗan, domin nan ne mu muka fāɗi. Mun ce dukanmu ɗaya ne, ba shugaba, kowa ya yi abin da ya ga dama. Magana ce mai daɗin ji. Sakamakonta shi ne ran da na riƙe shafi mako uku ba wanda yake da ikon ce mini kawo. Ku dubi adashi. Mata goma suna zubi, kowace da ranar kwasarta, duk daidai suke, amma ba a taɓa yin adashi ba uwar adashi. Ita ta san wadda ta zuba da wadda ba ta zuba ba, ita ke bin gida-gida, ita ke jin zafin bakin wadda ranarta ta zo kuɗi bai cika ba. Ba ta fi kowa kuɗi ba, riƙon amana ne aikinta. Labarin karɓa-karɓa adashi ne, sai dai abin da ake zubawa shafi ne, kuma yana da wani aibi da adashin kuɗi ba shi da shi: a adashi in mutum ɗaya ya makara sauran tara suna iya zuba nasu, a nan kuwa in ɗaya ya tsaya kowa ya tsaya. Mutum 20, kowa mako guda, mako 20 ke nan, kusan wata biyar. Kowa ya ƙara kwana uku kacal, an sami ƙarin kwana 60. Ɗalibin da ya sa suna da zafinsa a farkon zango, kafin layi ya zo kansa ya shiga jarrabawa ko ya gama makaranta ya tafi bautar ƙasa.

Misalin da ya nuna mini amfanin uwar adashi shi ne littafin Nelson, wanda ya fito a Ingila cikin 2011. Masu zane 54 suka ba da tarihin mace ɗaya, Nel Baker, tun daga haihuwarta a 1968 har zuwa shekarar da aka buga littafin. Rob Davis da Woodrow Phoenix su ne editoci. Tsarin da suka yi shi ne kowane babi ya ɗauki yini guda cikin wata shekara ta rayuwarta. Ku lura da hikimar. In hannu ya sauya, fuskar Nel ta ɗan sauya, mai karatu ba zai yi gardama ba, domin lokaci ya wuce, mutum kuwa yana sauyawa. An mai da aibin aikin ya zama ƙarfinsa. Ba kuma mai iya kashe ta a babi na biyar, tun da kowa ya san akwai shekaru a gaba. Littafin ya ci lambar littafi mafi kyau a gasar labaran zane ta Birtaniya a 2012, ribarsa kuma aka ba ƙungiyar Shelter mai taimakon marasa muhalli.

Akwai kuma wata hanya ta kauce wa jira gaba ɗaya. A 2013 wani mai zane ɗan Ingila, Ryan Humphrey, ya zana waɗansu gidaje na Akira, babban labarin zanen Katsuhiro Otomo na Japan, amma da mutanen wasan The Simpsons a madadin na asali. James Harvey ya gani, ya yi shela a intanet a sake zana littafin duka haka, juzu'i shida, shafi fiye da 2,000. Aka kira aikin Bartkira, masu zane fiye da 500 suka shiga. Ya yiwu ne domin labarin yana nan a rubuce tun da, an kuma tsai da wane zai tsaya a madadin wane tun farko, Bart a matsayin Kaneda, Milhouse a matsayin Tetsuo. Saboda haka aka yanka shafuka aka rarraba, kowa ya yi nasa lokaci ɗaya. Wannan gayya ce, kowa da kunyarsa a gona ɗaya. Tana da sauri, amma ba ta da daɗin nan na rashin sanin inda labari zai nufa gobe. Dole masu shiri su zaɓi ɗaya tun ran farko, su faɗa wa kowa.

In da za a sake ba ni dama, ga abin da zan roƙi uwar adashinmu ta yi, mace ce ko namiji. Kafin a zana gida ko ɗaya, ta fitar da takarda guda mai ɗauke da kamannin manyan mutanen labarin, gaba da gefe, da tufafinsu, da tsawon wannan in an gwada da wancan, sa'an nan da tsawon shafi da faɗinsa, don kada wani ya kawo a tsaye wani a kwance. Ta ajiye ɗan littafi kamar magatakardan renga, bayan kowane shafi ta rubuta layi biyu: ga inda aka kwana, ga ƙullin da ba a kwance ba tukuna, jaka tana hannun wane. Wa'adi kuma ya zama iri biyu. Kwana biyu na amsawa, cewa na karɓa ko a wuce ni, da mako guda na kawowa. Wanda ya ce a wuce shi a mai da sunansa ƙarshen layi ba tare da gori ba. Wannan na faɗe shi ne daga abin da na ɗanɗana: ba ƙiwuya ce ta sa na ɓuya ba, rashin ƙofar fita da mutunci ne. Da akwai inda zan ce ba zan iya ba wannan mako, ba wanda zai ga baƙina, da na faɗa tun ran farko. Mutum na gaba kuma a sanar da shi tun ana saura mako, ya zauna da shiri.

Waɗansu ƙananan abubuwa namu ne na nan. Da yawanmu a takarda muke zane mu ɗauka da waya, saboda haka a yarda da baƙi da fari kawai, a ɗauki hoto da hasken rana, kada tsadar data ko rashin kwamfuta su kori mai hannu. Rubutun cikin da'ira kuwa, in da Hausa za a yi, mutum ɗaya ya ɗauke shi duka, ya tabbata haruffan da zai yi aiki da su suna da masu ƙugiya. In ba haka ba za a wayi gari mai gida yana maraba da baki maimakon baƙi.

Sai zancen da abokai ba su son yi, watau na wa ne? Ran da aka fara ba wanda ke tunanin kuɗi. Ran da wani mai buga littattafai ya ce yana so, ko wani ya buga jarumin a riga yana sayarwa, ran nan zumunci ke tsinkewa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ce miƙa wa wani haƙƙin aiki ba ya tabbata sai a rubuce. Ashe ke nan uwar adashi ba ta da ikon sayar da shafin kowa don kawai ita ta tara su. A rubuta tun farko, ko da layi biyar ne, kowa ya amsa: shafin kowa nasa ne, sunansa zai fito a jikinsa, an yarda a buga su tare, in kuɗi ya shigo ga inda za shi. Masu son kowa ya kwafa kyauta suna iya ɗaukar ɗaya daga cikin lasisin Creative Commons, waɗanda aka fara fitarwa a 2002. Mutanen Bartkira, da yake Akira da Simpsons duka ba nasu ba ne, ba su mai da aikin na neman riba ba, abin da ya shigo suka ba ƙungiyoyin agaji. Mu dai gara mu ƙagi namu mutane, kada mu gina a filin aro.

Saura mutum ɗaya ban ambata ba, shi ne na ƙarshe. Kowa yana son ya buɗe labari, ba mai son ya rufe, domin duk bashin da aka ci a hanya shi ake bi. A littafin nan na 1931 Anthony Berkeley ne ya ɗauki babin ƙarshe, sunan da ya ba babin ma yana nufin share ɓarnar da aka yi, gabatarwar labarin kuwa G. K. Chesterton bai rubuta ta ba sai da aka gama sauran. Saboda haka kada a bar wannan kujera ga ƙuri'a. A zaɓi mai ita tun ran farko, ya zama mai haƙuri wanda yake karanta kowane shafi da ya shigo, a ba shi shafi uku inda kowa ya sami ɗaya, a kuma sanar da mutum ukun da ke gabansa cewa daga kansu an rufe shigo da sabon mutum ko sabon aljani, sai kwance abin da aka ƙulla.

Shugaba, na ga kana duban agogo. Shafuka shida na ɗan garuwa suna nan cikin wayata, wanda yake so ya gani sai ya same ni a bakin ƙofa bayan an tashi, musamman in yana da dabarar da za a aske gemun nan a komo da jaka.